BABI NA UKU: TARIHIN ƘIDAYAR JAMA'A A NIJERIYA DA MATSALAR ISA GA ALƘALUMANTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar ƙidayar jama'a da muhimmancinta ga tsarin mulki da tattalin arziki. A wannan babi kuma za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin ƙidaya a Nijeriya tun daga zamanin Turawa har zuwa ƙidayar 2023 da aka ɗage. Abin da za a fi mayar da hankali a kansa shi ne makomar alƙaluman bayan an gama tattara su, wato wa ya riƙe su, ta wace hanya aka fitar da su, kuma yaya mai nazari zai yi amfani da su don gane yadda jama'a ke ƙaruwa ko raguwa ko ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan. Babin zai nuna cewa an daɗe ana jayayya a kan jimillar mutanen kowane yanki, alhali rabe-raben da ke ƙarƙashin jimillar, waɗanda su ne ainihin amfanin ƙidaya, ba su cika isa hannun jama'a ba.

3.1 Ƙidaya a Zamanin Turawa (1866–1931)

Ƙidayar farko da Turawan Ingila suka yi a ƙasar da ta zama Nijeriya an yi ta ne a Ikko a 1866. An sake yin wata a 1871, daga nan aka riƙa yi bayan kowace shekara goma. Duk waɗannan ba su wuce Ikko da kewayenta ba. Sai a 1911 aka fara fitar da adadi na ƙasa baki ɗaya, wanda ya kai kimanin miliyan 16, amma mafi yawansa kintace ne, domin a 'yan garuruwa kaɗan ne aka bi gida-gida.

A lardunan Arewa, tushen alƙaluman shi ne kundin haraji da jangali. Mai unguwa kan rubuta sunayen baligai maza na unguwarsa ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai En'e, daga nan Di'o da Razdan su haɗa na lardi. Wannan tsari ya sa talaka bai bambanta ƙidaya da haraji ba. Magidancin da ya ji an zo ƙirga mutane ya san cewa kowane namiji da ya ambata ƙarin kuɗi ne a wuyansa, saboda haka ɓoye samari da rage yawan shanu ya zama ruwan dare. A Kudu ma haka abin yake, domin boren matan Aba na 1929 ya faro ne a garin Oloko a lokacin da aka zo ƙirga mutane da dabbobi, mata suka ɗauka su ma za a ɗora musu haraji. Wannan bore, tare da karayar tattalin arzikin duniya da farmakin fara a wasu sassan Arewa, sun raunana ƙidayar 1931, wadda ta ba da kimanin miliyan 20, bayan ta 1921 ta ba da miliyan 18.7. A 1941 ba a yi ƙidaya ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Ta fuskar isa ga bayanai kuwa, alƙaluman wannan zamani an tanade su ne domin masu mulki. Sakamakon ƙidayar 1921 ya fito a cikin littattafan jami'an Turawa biyu, wato na C. K. Meek a kan al'ummomin Arewa a 1925, da na P. A. Talbot a kan na Kudu a 1926, an kuma buga su da Turanci a Ingila. Mutanen da aka ƙirga ba su san abin da aka rubuta a kansu ba. Ragowar bayanan suna cikin rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, waɗanda da yawansu ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma har yanzu masu nazarin tarihin garuruwa na komawa gare su.

3.2 Ƙidayar 1952/53

Wannan ita ce ƙidaya ta farko da aka yi yunƙurin bin gidaje a duk faɗin ƙasa. Ba a yi ta a lokaci guda ba: an ƙirga Arewa a 1952, Yamma a ƙarshen 1952 zuwa farkon 1953, Gabas kuma a 1953. Jimillar da aka samu ita ce miliyan 30.4, inda Jihar Arewa ta tashi da miliyan 16.8. An kasa shekarun mutane gida-gida masu faɗi maimakon rubuta shekarun kowa, an kuma tambayi ƙabila da iya karatu, har da karatu da haruffan Larabci. Sashen Ƙididdiga na gwamnati ya buga sakamakon a ƙananan littattafai na lardi-lardi, inda mai nema zai iya samun adadin gunduma har ma da na ƙauye. Idan aka yi la'akari da kayan aikin wancan lokaci, wannan ƙoƙari ne abin yabo, ko da yake masana sun yi ittifaƙi a kan cewa an rage mutane, domin tsoron haraji bai gushe ba.

A daidai wannan lokaci ne ma'anar adadi ta fara sauyawa. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa sun dage a kan a ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya bisa hujjar yawan jama'a, kuma tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya amince da haka. A zaɓen 1959 Arewa ta sami kujeru 174 daga cikin 312 bisa alƙaluman 1952/53. Daga nan 'yan siyasa na kowane yanki suka fahimci cewa yawan mutane kujera ce, kuma kuɗi ne. Abin da a da ake ɓoyewa sai ya koma abin da ake ƙara wa gishiri.

3.3 Rikicin 1962, 1963 da 1973

A watan Mayu na 1962 aka yi ƙidayar farko bayan samun 'yancin kai. Kafin ranar, shugabannin siyasa sun zagaya suna kiran mutanensu da su koma garuruwansu a ƙirga su. Alƙaluman da suka ɓulla sun nuna wasu gundumomi sun ƙaru fiye da abin da hankali zai ɗauka, babban jami'in ƙidaya J. J. Warren ya nuna shakku, aka shiga zargin juna a majalisa. Daga ƙarshe aka soke ƙidayar ba tare da an buga sakamakonta a hukumance ba.

An sake wata a watan Nuwamba na 1963 a ƙarƙashin kulawar Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka bayyana sakamako a Fabrairun 1964. Jimillar ƙasa ta kama miliyan 55.7: Arewa miliyan 29.8, Gabas 12.4, Yamma 10.3, Yamma ta Tsakiya 2.5, Ikko kuma ƙasa da miliyan 1. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Masana ma ba su yi shiru ba. S. A. Aluko ya yi rubutu a kan matsalar a 1965, I. I. Ekanem kuma ya fitar da littafi a kanta a 1972. Babbar hujjar masu suka ita ce tashi daga miliyan 30.4 zuwa 55.7 cikin kimanin shekara goma na nufin ƙaruwar kusan kashi 6 cikin 100 a kowace shekara, abin da haihuwa kaɗai ba za ta iya kawowa ba. Ko dai an rage a 1952/53, ko an ƙara a 1963, ko kuma duka biyun sun faru. Cikakkun jadawalolin da za su taimaka a warware wannan ba su fito ba sai bayan shekaru, lokacin da ƙasa ta riga ta faɗa juyin mulki da yaƙin basasa.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi tata ƙidayar a ƙarshen 1973, ƙarƙashin hukumar da tsohon Alƙalin Alƙalai Sir Adetokunbo Ademola ya shugabanta. An haɗa masu ƙidaya da sojoji, ana kuma shafa wa wanda aka ƙirga tawada a yatsa. Duk da haka sakamakon wucin gadi da aka bayyana a 1974, wato miliyan 79.8, ya tayar da ƙura, musamman da yake jihohi shida na Arewa sun tashi da miliyan 51.4, alhali adadin wasu jihohin Kudu ya kasa na 1963. Da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a Yulin 1975, sai ya soke ta, ya ce a ci gaba da amfani da alƙaluman 1963. Wato ke nan duk abin da aka tattara game da shekaru da sana'a da ilimin miliyoyin mutane ya tafi tare da jimillar da aka yi faɗa a kanta.

Illar wannan ba ta jima ba ta bayyana. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Satumban 1976, masu tsarawa sun yi tanadin yara miliyan 2.3 ne a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa da malamai suka yi kaɗan, aka koma karatu a gindin bishiya, aka ɗauki malaman da ba su gama samun horo ba. Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu.

3.4 Ƙidayar 1991

Bayan shekaru da dama ba a yi ƙidaya ba, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta ɗora Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, a kanta. An yi aikin a ƙarshen Nuwamban 1991, aka taƙaita zirga-zirga, aka kuma cire tambayar addini da ta ƙabila don kauce wa fitina. Sakamakon wucin gadi da aka bayyana a Maris na 1992 ya nuna miliyan 88.5, daga baya aka tabbatar da 88,992,220. Wannan ya girgiza masu tsare-tsare, domin ƙiyasin da ake amfani da shi a gida da waje ya haura miliyan 110. Ma'ana, an shafe shekaru ana lissafin kasafi da allurar rigakafi da kuɗin shigar kowane mutum da adadin da ya zarce na ƙidayar da fiye da miliyan 20.

Ta fuskar buɗe bayanai, ƙidayar 1991 ta yi zarra. An yi amfani da kwamfuta wajen sarrafa takardun, an sake ƙirga wasu zaɓaɓɓun yankuna don auna kuskure, an kuma fitar da adadin garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Sai dai rahoton nazari na ƙasa bai fito ba sai 1998, shekara bakwai bayan ƙidayar, kuma a lokacin an riga an ƙara jihohi da ƙananan hukumomi. Bugu da ƙari, kwafen da aka buga ba su wadata ba, ɗalibin da ke buƙata sai ya yi tattaki zuwa ofishin hukumar ko babban ɗakin karatu na jami'a. Cire addini da ƙabila kuma, ko da yake ya kwantar da hankali, ya bar giɓi, domin tun daga 1963 babu wata ƙidaya karɓaɓɓiya da za a dogara da ita a faɗi yawan kowace al'umma, har da Hausawa.

3.5 Ƙidayar 2006 da Wadda Aka Ɗage

A watan Maris na 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi ƙidayar mutane da gidaje ƙarƙashin jagorancin Samu'ila Danko Makama. An yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen shata yankunan ƙidaya, da takardun da na'ura ke karantawa. Sakamakon ƙarshe da aka buga a jaridar gwamnati ta Gazet a 2009 ya nuna mutum 140,431,790. Jihar Kano ta sami miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17.5, kuma a 2013 kotun sauraron ƙararrakin ƙidaya ta soke sakamakon ƙananan hukumomi 14 na jihar.

Hukumar ta fitar da jerin jadawaloli a kan shekaru da jinsi da ilimi da yanayin gidaje, ta kuma sanya wasu a intanet. Amma ba a sauka ƙasa da matakin ƙaramar hukuma ba. Saboda haka mai son sanin mutanen wani gari ko ƙauye sai ya koma jerin 1991 ya yi hasashe a kai. Shekarar 2016 da ya kamata a sake ƙidaya ta wuce ba a yi ba. An shirya wata a Mayun 2023, wadda za a yi da ƙananan na'urorin hannu, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗage ta a ƙarshen Afrilu, kuma har shekarar 2025 ta shigo ba a gudanar da ita ba. Adadin sama da miliyan 220 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Nijeriya a 2023 hasashe ne da aka gina a kan tsofaffin ƙidayoyi da binciken samfuri.

3.6 Matsalolin da Mai Nazari Kan Fuskanta

Matsala ta farko ita ce rashin jituwar ƙidayoyin da junansu. Idan aka lissafa ƙaruwar shekara-shekara, za a ga kamar haka:

1952/53 zuwa 1963: kusan kashi 6 cikin 100
1963 zuwa 1991: kimanin kashi 1.7 cikin 100
1991 zuwa 2006: kimanin kashi 3.2 cikin 100

Wannan hawa da sauka bai yi daidai da abin da aka sani game da haihuwa da mutuwa a waɗannan shekaru ba. Abin da ya fi nunawa shi ne bambancin ingancin ƙidayoyin.

Ta biyu ita ce sauyin iyakoki. Ƙasar da ke da jihohi 4 a 1963 ta koma 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 da ƙananan hukumomi 774 daga 1996. Misali, Lardin Kano na da kimanin miliyan 5.8 a 1963, Jihar Kano ma miliyan 5.8 a 1991. Wanda bai san an cire Jigawa a Agustan 1991 ba zai ɗauka Kano ba ta ƙaru ba cikin shekara 28. Sai an haɗa da miliyan 2.9 na Jigawa ne za a sami 8.7, wanda ya kai kimanin 13.8 a 2006. A matakin jiha wannan haɗi mai sauƙi ne, amma a matakin ƙaramar hukuma ba ya yiwuwa sai da adadin ƙauyuka, wanda shi ne ba a fitar ba a 2006.

Ta uku ta shafi amsoshin da mutane ke bayarwa. Da yawa ba su da takardar haihuwa, sai su ambaci shekarun da suka ƙare da 0 ko 5, abin da ke sa jadawalin shekaru ya cunkushe a 30 da 40 da 50. A ƙasar Hausa akwai kuma kulle, wanda ke hana namiji baƙo shiga gida, da alkunyar da kan sa uwa ta kauce wa ambaton ɗan fari. Masana ƙididdiga na da dabarun gyara irin waɗannan kurakurai, amma sai sun ga bayanan dalla-dalla.

3.7 Hanyoyin Cike Giɓi

Da babu gara ba daɗi. Rashin wadatattun bayanan ƙidaya ya sa masu nazari suka koma ga Binciken Jama'a da Lafiya, wanda aka yi a 1990, 1999, 2003, 2008, 2013, 2018 da 2023/24. Daga gare shi ne aka san cewa matsakaicin yawan 'ya'yan da mace ke haifa ya sauka daga 6.0 a 1990 zuwa 5.3 a 2018, sannan 4.8 a 2023/24, kuma a 2018 ya kai 6.6 a Arewa maso Yamma alhali 3.9 ne a Kudu maso Yamma. Abin lura shi ne ba a yi rikici a kan waɗannan alƙaluma kamar na ƙidaya ba. Dalili kuwa biyu ne: ba a raba kujeru da su, sannan an ba masu bincike damar sauke bayanan gidaje, bayan an cire sunaye, su sake lissafi da kansu. Sai dai binciken samfuri ne, ba zai faɗi yawan yaran wata mazaɓa ba, kuma ya daɗe yana dogara da tallafin Amurka, wanda ya tsaya a farkon 2025.

Haka nan masu yaƙi da cutar shan inna a Arewa sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam suka zana taswirar ƙauyuka da rugage, suka ƙiyasta mutanen cikinsu, saboda tsofaffin jerin sunaye sun tsallake matsugunai da dama.

A wasu ƙasashe an ɗauki wata hanya. Tun 1999 Jami'ar Minnesota ta Amurka ta fara tara samfurin bayanan ƙidaya na ƙasashe a rumbun IPUMS, ta daidaita su yadda za a iya kwatanta shekara da shekara. Ghana ta ba da kashi 10 cikin 100 na ƙidayoyinta na 1984 da 2000 da 2010, Kamaru ma ta ba da nata. Abin da aka sanya na Nijeriya shi ne binciken gidaje na 2006 zuwa 2010. Ghana ta kuma fitar da sakamakon farko na ƙidayar 2021, miliyan 30.8, cikin 'yan watanni. A nan gida akwai Dokar Ƙididdiga ta 2007 da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, waɗanda suka share fagen yin irin haka. Sashe na 213 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya tsara yadda Shugaban Ƙasa zai karɓi rahoton ƙidaya ko ya ƙi shi bisa shawarar Majalisar Magabata ta Ƙasa, wato ya fi mayar da hankali ga amincewa da sakamako.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ƙidaya ta faro a matsayin 'yar rakiyar haraji, ta koma ma'aunin rabon kujeru da arzikin ƙasa. An ga cewa an soke ta 1962 da ta 1973 tare da duk bayanan da ke cikinsu, ta 1963 da ta 1991 sun yi jinkirin fitowa, ta 2006 kuma ta tsaya a ƙaramar hukuma. Ko shakka babu, muddin yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗi da kujeru 360 na Majalisar Wakilai, ba za a rasa masu son ƙara gishiri ba. Amma tarihin ya nuna cewa rufe bayanai bai taɓa kashe zargi ba, sai ma ya ba kowane ɓangare damar faɗin abin da ya ga dama ba tare da an iya ƙaryata shi ba. Gani ya kori ji: inda aka baje adadin ƙauye-ƙauye da na shekaru da jinsi, aringizo kan tona kansa, dagaci da shugaban makaranta da jami'in lafiya kuma kowa zai sami abin aiki. A babi na gaba za a ɗauki tsohon Lardin Kano a matsayin misali, a gwada haɗa alƙaluman 1963 da 1991 da 2006 a kan iyaka guda, don ganin iyakar abin da za su iya nunawa.